Shawara ga masu koyon keke mai taya ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu ja kunnen masu koyon keke mai taya ɗaya. Taya inci 20 ta fi dacewa da ɗan koyo. A ɗaga sirdi har ƙafa ta kusa miƙewa idan feda tana ƙasa. Feda mai harafin L ta hagu ce. In aka hau a juye, fedoji kwancewa suke yi.

A dafa katanga, a sauke nauyi kan sirdi. Yawanci masu koyo kan feda suke dannawa, shi ya sa tayar ke fizga hagu da dama. A riƙa juya feda rabin zagaye ana tsayawa, ido a gaba. In faɗuwa ta zo, a saki keken, a dira da ƙafa.