Ƙadangaren Iwaju da masu zanen Gombe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka sam mana fili a jaridarka mai farin jini. Mu masu zane ne a nan Gombe, wasunmu kuma koyar da shi suke yi. Muna so mu yi magana a kan wani abu da manya ke ɗauka shiriritar yara ce, wato zane-zanen da matasa ke yi bayan sun kalli kashi na farko na shirin Iwaju, da kuma musun da ke biyo baya.

Ga wanda bai sani ba, Iwaju shirin zane mai motsi ne mai kashi 6, wanda Disney ya yi tare da kamfanin Kugali, ya fito ranar 28 ga Fabrairu, 2024. An gina labarin a Legas ta wani zamani mai zuwa, inda motar mai hali ke tashi sama ta bar talaka cikin cunkoso. Tola yarinya ce 'yar shekara 10, 'yar masu kuɗi a Tsibiri, ɓangaren attajirai na Legas. Abokinta Kole yana aiki a gidansu, amma shi ɗan Ajegunle ne, unguwar talakawa. Ranar zagayowar haihuwarta mahaifinta Tunde ya ba ta kyautar ƙadangare, ashe na'ura ce mai suna Otin da ya ƙera don tsare yara daga masu satar mutane.

A majalisa da shagunan masu tura fim, wannan kyauta ce ta raba kan masu kallo. Wasu iyaye sun ce satar yara ba abin sakawa a shirin yara ba ne, tunda mu a Arewa ba a tatsuniya muka san ta ba. Muna ganin damuwarsu, amma mu a namu ra'ayin a zauna a kalla tare da yaro a yi masa bayani ya fi a hana shi, don ko an hana shi zai gani a wayar aboki. Wasu kuma suka ce uban da ya ba 'yarsa na'ura maimakon lokacinsa shi ne mai laifin farko a labarin, kuma da gaskiyarsu. Ƙorafin da ya fi yawa dai shi ne: an nuna Najeriyar gobe, babu Arewa a ciki. Wannan ƙorafi ba Disney ce za ta amsa shi ba. Mutum uku ne suka kafa Kugali, biyu 'yan Najeriya, ɗaya ɗan Yuganda, kuma garin da suka sani suka zana. Wanda ke son ganin unguwannin Gombe irin su Jekadafari ko Pantami bayan shekara ɗari, fensir na hannunsa. Ba mu ma rasa tushe ba, domin tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya.

Zanen masu kallo kuwa tsohon abu ne. A Amurka masoya shirin talabijin na Star Trek sun fara buga mujallarsu ta zane da labarai a 1967, kuma wasiƙun da suka yi wa tashar NBC ruwansu a 1968 na cikin abin da ya sa aka ƙara wa shirin zango na uku. Abin da ke damunmu da namu shi ne kusan duka kwafi ne. A tsayar da fim, a ɗauki hoton fuskar waya, a bi layi. Wanda ya yi haka sau hamsin ba zai iya juya ƙadangaren nan ya kalli hagu ba, domin inuwar abu ya koya, bai koyi gininsa ba.

Mu fara da ƙadangaren, tunda shi kowa ke zanawa, kuma shi aka fi ɓatawa. Abin mamaki, ga jangwada nan a kan kowace katanga yana gyaɗa kai, amma sai a zana masa ƙafafu a ƙarƙashin ciki kamar kare. Ƙafar ƙadangare daga gefe take fita, gwiwar ta yi waje, sannan ta sauko. Yatsunsa biyar ne a kowace ƙafa, masu farata, kuma a ƙafar baya na huɗu ya fi sauran tsawo. Duk wanda ya yi masa yatsu masu faɗin kai tsaka ya zana. Wutsiya ta fi kai da gangar jiki tsawo idan an haɗa su, kuma ba liƙa ta ake yi a baya ba, ƙashin baya ne ya zarce. Saboda haka layin farko da za a ja shi ne lanƙwasa guda daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, da fensir mai tauri kamar 2H, a hankali ba dannawa. A kan wannan layi ake ɗora kai mai kusurwa uku da ƙirji mai siffar ƙwai. Akwai ramin kunne a bayan ido, kusan kowa yana manta shi. Idan yana tafiya, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu ne ke motsi tare, jikin ya karkace. Minti 20 a gindin katanga da hantsi, lokacin da suke shan rana ba su cika gudu ba, a yi ƙananan zane goma na minti biyu-biyu, ya fi kwana ana bin hoton waya.

Sai mayar da shi na'ura. Kuskuren a nan shi ne a zazzana layuka da kusoshi ko'ina don a ce ƙarfe ne. Tsaga tana zama ne inda abu ke lanƙwashewa: wuya, kafaɗa, gwiwa, gindin wutsiya. A duba hinjin ƙofa ko sarƙar babur a ga yadda gaɓa take. Bambancin ƙarfe da fata kuma a gefen haske yake. A fata haske yana narkewa a hankali cikin inuwa, a ƙarfe kuwa fari tas yana zama dab da baƙi ƙirin, da iyaka mai kaifi. Wanda ya murje wannan iyaka da yatsa ya mayar da ƙarfensa roba.

Fuskar Tola da Kole ma tana shan wahala. Ana ɗaukar ruwan ƙasa guda a shafe, a yi inuwa da baƙi, haske da fari, sai yaran su fito toka-toka kamar ba su shafa mai ba. Baƙar fata tana da ja a ƙarƙashinta. A fara da ruwan ƙasa mai ɗan ja, a yi inuwa da shunayya mai duhu ko ja mai duhu, hasken goshi da kumatu kuma ya ɗauki launin abin da ke haska shi: rawaya in rana ce, shuɗi in fitilar na'ura ce. Game da tsayi, babban mutum yakan kai tsawon kansa sau bakwai da rabi, yaro ɗan shekara 10 wajen sau shida da rabi, a zane mai motsi kuma ana ƙara girman kai fiye da haka. In aka ba Tola ma'aunin babba, budurwa za ta fito.

Kayan aiki ba sai masu tsada ba, amma takarda ba a yi mata rowa. Takardar fotokwafi giram 70 ko 80 ce (ma'aunin kaurin takarda ke nan), da ta ji ruwa sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, tawadar alƙalamin maka kuma ta huda ta. Don fensir da tawada a nemi mai giram 160 zuwa 200, don launin ruwa giram 300, a liƙe gefenta huɗu a jikin katako da tef ɗin takarda har ta bushe. Fensir uku sun isa: 2H na shata, HB na layi, 4B na inuwa. A bar tawada ta bushe sosai kafin a goge fensir, in ba haka ba magogi zai ja ta. Lokacin hunturu fenti yana bushewa a kan buroshi kafin a kai shi takarda, shi ya sa ake ganin zane da sawu-sawu. Maganinsa a shimfiɗa tsumma mai laima a faranti, a ɗora takarda mai santsi a kai, a matsa fentin a kanta, a kuma dama launin da zai isa wurin duka tun farko, don ba a cika dace da launi ɗaya sau biyu ba.

Masu zane a waya da manhajar ibisPaint ko Sketchbook, tasu matsalar tun daga buɗe shafi take farawa. Suna karɓar ƙaramin ma'aunin da manhaja ta ba su, sai an je bugawa hoton ya farfashe. Girman A4 mai kyau ɗigo 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo. In wayar ba ta da ƙarfi tana maƙalewa, a koma A5, wato 1748 da 2480. A raba aikin shimfiɗa-shimfiɗa: layi daban, launi daban, inuwa daban, ƙyalli a sama. Wanda ya haɗe su wuri guda, ranar da ya so canja launin riga sai ya sake zanen. Ƙyallin idon na'ura kuma ba ya fitowa a kan farin bango, sai an duhunta abin da ke kewaye da shi. Sannan a sani waya da haske take yin launi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, don haka shuɗi da kore masu walƙiya sukan mutu a takarda. A buga ɗan ƙarami a gani kafin a biya kuɗin babba. Wajen turawa ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin hoto yakan matse shi. Mai zane a takarda kuma ya ɗauki hotonsa a inuwa da safe, ba filasha, wayar ta daidaita da takardar, in ta karkata kan mutum zai yi tsawo.

Yanzu ga inda muka fi so matasanmu su sa ƙarfi, wato zana Gombe ta gobe. 'Yan kaɗan da suka gwada sun ɗauko Legas ne suka sa mata hula. Hasken Legas na ruwa ne da laima, abin da ke nesa yana komawa shuɗi-shuɗi. Mu nan in hazo ya sauka, abin nesa fari-fari yake komawa da ɗan ruwan ƙasa, gefensa ya ɓace, rana ta zama farin faifai da ido ke iya kallo. A raba hoton gida uku: na kusa da launi mai ƙarfi da layi mai kauri, na tsakiya a rage rabin ƙarfin, na nesa kamar tsaunukan bayan gari a bar su siffa kawai ba layi. Gombe tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. A tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana tsayawa bisa kai da tsakar rana, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. A Disamba kuwa inuwar tsakar rana arewa take faɗuwa, tsawonta kamar kashi biyu cikin uku na tsayin abin. Saboda wannan dalili farantin sola a nan kusan kwance yake, karkatar digiri 10 zuwa 15 yana fuskantar kudu. Wanda ya zana shi a tsaye kamar na rufin gidajen Jamus ya tona wa kansa asiri cewa daga intanet ya kwaso. Kuma farantin da ba mai share masa ƙura ba ya ba da wuta, don haka garin gobe yana buƙatar mai shara, mutum ko na'ura, a sa shi a hoton.

Haka Keke Napep mai tashi, wanda kowa ke sha'awar zanawa. Duk abin da ya tashi da farfela iska yake turawa ƙasa. In ya sauka a tsakiyar babbar kasuwa rumfuna za su kwashe, garin masu awo ya tashi, mai babbar riga kuma Allah Ya kiyaye. To a ina zai sauka? Wa ke karɓar kuɗin tasha? Ina ake caji? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce hoton: dandamali a kan rufi, raga a kewaye da farfela, ɗan kamasho da rasit a hannu. Dogon bene na gilashi a zafin Maris tanda ne. Magina na dā sun san haka, shi ya sa suka yi katanga mai kauri da ƙananan tagogi da zaure. A ɗauki wannan hikima a ɗaga ta sama hawa ashirin, da zanko a kusurwa da dagi a goshin ƙofa. In ana kallon garin daga sama, layukan gine-gine su tattaru zuwa ɗigo uku, biyu a gefe, ɗaya can ƙasa. A sa ɗigon gefen a wajen takarda, a kan tebur, in suka matso ciki gidajen za su yi kamar za su faɗi.

Mun san akwai gidajen da ba a yarda da zanen abu mai rai ba. Malamai sun yi bayani a kai kuma akwai saɓani, kowa ya tambayi malaminsa. Wanda ya tsaya a kan barin sa bai rasa aiki ba, don zanen gari da motoci da injuna fanni ne mai zaman kansa a wannan sana'a.

Batun haƙƙi kuma a kiyaye. Tola da Otin mallakar masu shirin ne. Zana su don koyo da nuna wa abokai abu ne da aka saba a ko'ina, amma buga su a riga ko kofi a sayar shiga gonar wani ne, kuma Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Keken da ka ƙirƙira da kanka kuwa naka ne. A sa hannu da shekara a cikin hoton, ba a can gefen da za a yanke ba. Wanda ya tura zanen wani ya ambaci mai shi, wanda kuma manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa masa hoto ya faɗi haka, kada ya jera shi da na wanda ya kwana uku a kan takarda.

Roƙonmu gare ka, Edita, shi ne ka ware rabin shafi ko sau ɗaya a wata don zanen matasa. Sharaɗin ya zama garin mai zanen ne a zamani mai zuwa, ba kwafin fim ba, a turo fayil mai girman A5 ko fiye, tare da hoton shatar farko ta fensir don a tabbatar aikin hannunsa ne.

Mun gode. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Daga wasu masu zane da malaman zane,
Gombe.