Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Damagaram Kan Babur ɗin Marigayi Baba

Zariya.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni. Na karanta abin da ka ce game da babur ɗin Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ya ƙi tashi bayan ya yi damina biyu a jingine cikin zaure, da yadda makaniken da ka kira ya buga kik sau uku kacal ya ce sai an sauke inji. Ina roƙonka, don Allah, kada ka bari a kwance ko noti ɗaya a jikin injin nan tukuna.

Na san babur ɗin sarai, domin a bayansa Baba ya sha kai mu kasuwa muna yara. Honda CG125 ne, wanda kamfanin ya fito da shi a 1975 musamman saboda ƙasashe irin namu, inda hanya ba ta da kyau kuma ba kowa ke canza baƙin mai a kan lokaci ba. Tunda da ƙafarsa ya shiga zauren, da wuya a ce zama kawai ya kashe masa inji. Abin da zama ke ɓatawa shi ne fetur da wayoyi da hanyar iska, don haka ta nan za ka fara.

Ka buɗe tanki ka sunsuna. Fetur ɗin da ya daɗe yakan yi duhu kamar ruwan shayi, warinsa ya koma irin na tsohon fenti. Ka tsiyaye shi duka cikin kwalba mai haske, ka bar shi ya kwanta; idan akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa, haka ma tsatsa. Bayan ka ɗauraye tankin ka zuba sabon mai, wanda ka amince da inda ka saye shi, sai ka cire robar da ke shiga kafireta, wato wurin da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, ka murɗa makunnin mai ka ga ko yana zuba sosai. Akwai kuma ɗan rami a murfin tanki da iska ke shiga, wanda idan ya toshe man ba zai sauko ba.

A kafireta nake kyautata zaton matsalar take, kuma ina da dalili. Shekarun baya nawa babur ɗin ya yi mini haka bayan na dawo daga doguwar tafiya. Kwana uku ina turawa da yaran unguwa, na sayi fulogi har biyu, bai ko yi tari ba. Wani dattijon makanike a Tudun Wada ne ya kwance kwanon da ke ƙasan kafireta, ya ciro wasu 'yan ƙarafa biyu masu ruwan tagulla da ake kira jet, ya ɗaga ƙaramin ya saita shi da rana, ya ce in leƙa. Ban ga haske ko kaɗan ba. Tsohon mai ya daskare a ciki kamar ƙaro, alhali ta wannan ƙaramin ramin ne injin ke shan mai lokacin tashi da lokacin da yake aiki a tsaye. Ya jiƙa shi cikin fetur, ya zare sili ɗaya daga wayar wuta ya zura a hankali, ya hura, ya sake ɗagawa har haske ya ɓullo. Bugu biyu babur ya tashi. Ya gargaɗe ni kada in taɓa sa allura a wurin, domin ƙarfenta ya fi na jet tauri, za ta faɗaɗa ramin babur ya riƙa shan mai fiye da kima. Kai ma ka kiyaye wannan.

Idan ka gama da mai, sai wuta. Ka ciro fulogi ka duba bakinsa: in ya jiƙe, mai yana isowa, in a bushe yake bayan ka yi ta bugawa, har yanzu da saura a kafireta. Ka goge shi, ka tabbatar tazarar bakinsa tana tsakanin milimita 0.6 da 0.7, ka mayar da shi cikin hularsa, ka ɗora gindinsa a kan ƙarfen inji, sannan wani ya buga kik kana kallo. Ka yi wannan a inuwa, nesa da kwalbar fetur ɗin nan. Tartsatsi mai shuɗi da ƙara shi ake so. Idan babu, ka gwada sabon fulogi, sannan ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya tun daga makulli, domin ɓeraye suna son cin robar waya a ƙarƙashin tanki da kujera. Kada ka yi gaggawar sayen batir; irin wannan babur daga koyil ɗin cikin inji yake samun wutar tashi, ko batir ya mutu zai tashi da kik.

Ka buɗe akwatin iska ma, ka wanke soson da ƙurar hunturu ta cika, in ya ruɓe ka sake shi. Ka leƙa bakin salansa, saboda zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a irin wuraren nan idan abu ya daɗe a ajiye.

Sai duk waɗannan sun yi daidai babur bai tashi ba za a yi maganar inji, kuma shi ma akwai gwajin da za ka yi da hannunka. Ka toshe ramin fulogi da babban yatsa a buga kik. Lafiyayyen inji zai ture yatsan da ƙarfi. Idan iskar ba ta da ƙarfi, a fara saita tazarar bawul a kan milimita 0.08 inji yana sanyi. In hakan bai gyara ba, ka zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a ramin ka sake gwadawa. Idan ƙarfin ya ƙaru, ringin fistan ne suka cinye, kuma a nan ne zan yarda a sauke shi, a gaban idonka, a hannun wanda ya san tsofaffin Honda.

Kafin ka tashe shi, ka zubar da tsohon baƙin mai ka zuba sabo, kusan lita ɗaya yake ci. Idan ya kama, ka bar shi ya yi zafi a tsaye ba tare da ka murɗa masa wuta da yawa ba.

Ka rubuto mini abin da ka tarar a kwanon kafireta da launin bakin fulogi, daga nan zan san abin da zan ƙara gaya maka. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka shafa mini kan yara.

Naka amini har kullum.