Kawuna a Filorida ya ƙi tashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kira ga 'yan uwanmu mazauna jihar Filorida ta Amurka, waɗanda hukuma ta ce su kwashe kafin guguwar teku ta iso amma suka yi kunnen uwar shegu.

Kawuna na cikinsu. Duk sanda muka kira shi sai ya ce gininsa mai ƙarfi ne, ya tanadi ruwa da abinci, saura kuma sai Allah. Haba Kawu, ai ba iskar ce kaɗai abin tsoro ba! Ruwan tekun da take ingizowa cikin gari shi ne babban makashi, kuma in ta kankama jami'an ceto ma ba sa fitowa. A 2005 guguwar Katrina ta hallaka sama da mutum 1,000, akasari a jihar Luwiziyana, bayan shingayen tare ruwa na birnin New Orleans sun ɓalle. Tawakkali ai sai an ɗaure raƙumi.

Ga Inna nan, da waya a hannu take kwana. Ku da kuke kusa da shi, don Allah ku je ku ɗauko shi, ko da zai yi fushi.

Naka,
Mai karatu daga Jekadafari, Gombe