Motata da zafi take ƙin tashi, ku kuma da sanyi kuke gwada ta

Zuwa ga Manajan Sashen Gyara,

Bayan gaisuwa, na rubuto wannan takarda a fili ne domin maganar da nake ta yi a teburin karɓar motoci ba ta isa kunnen mai gyara ba.

Motar da na saya a hannunku, wadda har yanzu garantinta bai ƙare ba, tana ƙin tashi jefi-jefi. Da safe ba ta da matsala, ana murɗa makulli take kamawa. Sai an yi tafiya injin ya ɗau zafi, na kashe na ɗan tsaya, in na dawo na murɗa sai in ji "ƙas" sau ɗaya daga ƙarƙashin bonet, shi ke nan. Injin ko juyawa ba ya yi. Fitilun gaba kuwa suna nan tar, ko dusashewa ba sa yi. Idan ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba.

Duk wannan na faɗa wa ma'aikatanku dalla-dalla. Abin da suke yi shi ne su bar motar ta kwana, da safe su tayar da ita, su jona kwamfuta, su rubuta cewa ba a ga komai ba. To, ta ina za a gani? Kwamfuta abin da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye take karantawa, kuma sau da yawa kik, wato na'urar da ke tayar da mota, idan ya kasa juya injin ba ya barin wata alama a can.

Daga baya aka canza mini batir, aka caje ni kuɗinsa. Lafiyayyen batir idan ya cika yana nuna ƙarfin wuta wajen bolt 12.6 a mita, kuma lokacin da kik ke jan injin bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Na nemi a nuna mini abin da tsohon ya nuna, babu wanda ya rubuta. Matsalar tana nan yadda take.

Batir mai rauni yakan sa fitilu su dusashe, kik ya yi ta ƙas-ƙas-ƙas da sauri. Ƙara ɗaya tak, fitilu na haske, kuma sai da zafi, wannan ya fi nuna solanoyid ɗin kik, wato makunnin da ke sakar masa wuta, wanda tagullarsa ta ciki ta cinye, ko wayar da ta sassauta. Kik yana jan wuta fiye da amfiya 100, saboda haka 'yar tsatsa a kan batir ko a wayar da ke haɗa shi da jikin mota ta isa ta hana shi aiki.

Ina roƙonku ku sa makaniki ya tuƙa motar har ta yi zafi sosai, ya kashe, ya auna wutar da ke isa ga kik a daidai lokacin da ta ƙi tashi, a ba ni sakamakon a rubuce. Zan tsaya a wurin in nuna masa yadda abin yake faruwa. Idan ta tabbata ba batir ba ne, a mayar mini da kuɗina, a gyara ainihin abin da ya lalace a ƙarƙashin garanti.

Na gode,
Mai ciniki da ku