Wasiƙa zuwa ga aminina a Winnipeg

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya aiki, yaya kuma fama da sanyin garinku? Mu nan Toronto, a wannan ɓangaren na Kanada, ƙanƙara ta fara narkewa, amma na san ku da sauranku. Allah Ya fitar da mu lafiya.

Saƙonka ya iso. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce daga wurin aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai wurin aiki, har ranar hutunka takan wuce ba ka yi magana da kowa ba. Wannan ya fi ƙarfin amsar waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Roƙona guda ɗaya ne. Ka nemi inda irinmu, masu son jinsinsu, suke taruwa a garinku, ka je ka ce kana so ka yi aikin sa-kai. Wanda ya je taro a matsayin baƙo, gefe yake raɓewa yana kallon agogo. Wanda aka miƙa wa kujeru ya jera kuwa, ko aka ba shi wuƙa da albasa, ya samu dalilin yin magana da na kusa da shi, kuma idan bai zo ba wani makon sai an tambaya.

Bari in ba ka labarin inda nake zuwa. A titin Church akwai wata cibiyar jama'a da ake kira The 519, lambar gidan ce ta zama sunanta. Ginin mallakar hukumar birni ne, kuma tun tsakiyar shekarun 1970 yake aiki. Kowa na shiga: maza masu son maza, mata masu son mata, masu son kowane jinsi, masu sauya jinsi, tsofaffi, iyaye da 'ya'yansu, har da marasa gidan kwana na unguwar. Ni wajen abinci na fara. Mu yanka, mu zuba, mu raba, mu wanke tukwane. Aikin ba ya buƙatar Turanci mai yawa, kuma ka san ɗan gidanmu ba a koya masa yadda ake ciyar da taro.

Daga baya na koma taimaka wa sababbin zuwa, kuma a nan zuciyata ta zauna. Yawancinsu masu neman mafaka ne, daga Najeriya, Yuganda, Ghana, Jamaika, Iran da sauran wurare. Mutum ya sauka da jaka ɗaya da rigar da ba ta tare sanyi, bai san yadda ake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, ga takardar da dole ya cike ya bayyana abin da ya koro shi, ga kuma ranar da zai zauna gaban hukumar da ke sauraron masu neman mafaka. Ka duba nauyin abin. Wanda ya yi shekara talatin yana ɓoye sirrinsa har ga mahaifiyarsa, yau an ce ya faɗe shi dalla-dalla a gaban wanda bai taɓa gani ba, kuma zamansa a ƙasar ya dogara da a yarda da shi. Mu ba lauyoyi ba ne, ba ma taɓa maganar shari'a. Namu shi ne mu nuna masa inda zai samu lauya, inda ake rabon rigunan sanyi, yadda ake buɗe asusun banki, mu raka shi asibiti idan yana tsoron zuwa shi kaɗai, mu zauna da shi a sha shayi.

Akwai wani yaro da ba zan manta ba. Kullum yana zaune a lungu, hula ta rufe rabin fuska, ba ya cewa uffan. Wata rana na ji ya amsa waya a hankali ya ce “to, sai an jima”. Na matsa na ce masa, “Sannu ƙanena, daga ina?” Ashe ɗan zango ne daga Kumasi. Ya dube ni, sai hawaye. Ya ce bai taɓa zaton zai ji Hausa a irin wannan wuri ba, don a tunaninsa duk mai jin Hausa wanda zai guje wa ne. Yanzu shi ke tarbar baƙi a bakin ƙofa. Ina gaya maka wannan ne don ka san harshen da ke bakinka kaɗai abin bayarwa ne. Da wuya a ce babu wani irinsa a Winnipeg, yana zaune a wani ɗaki kamar yadda kake zaune.

Na san maganar addini ita ta fi damunka, ko da ba ka rubuta ba. A nan akwai wani jam'in Juma'a da ake kira Masallacin Haɗin Kai, wanda aka fara a 2009. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai El-Farouk Khaki, lauyan 'yan gudun hijira, haifaffen Tanzaniya. Maza da mata suna tsayawa sahu ɗaya, mace takan yi huɗuba ta ja salla, ba a tambayar kowa ko shi wane iri ne. Ba zan ɓoye maka ba, tsarin ya sha bamban da abin da muka taso a kai, kuma akwai 'yan'uwa masu harka, wato maza masu son maza, da ba su natsu da shi ba, suna zuwa masallatan gari kamar kowa. Ban ga laifinsu ba. Ni dai ranar da na yi sujada a wurin ba tare da fargabar a gane ni ba, na ji sauƙin da na daɗe ban ji ba.

Watan Yuni shi ne watan bukukuwanmu. A ƙarshensa ake yin manyan jerin gwano: na masu sauya jinsi ran Juma'a, na mata ran Asabar, sai babban ran Lahadi a titin Yonge. Ana neman 'yan sa-kai da yawa, masu raba ruwa, masu nuna hanya, masu kula da wurin da aka keɓe wa masu keken guragu. Ni abin da na fi so shi ne Blockorama, dandalin da baƙaƙen fata suka fara a 1999 don sun ga ba a ba su wuri a bikin ba. A can za ka ji kiɗan gida, ka ga fuskoki irin namu. Tutocin manyan kamfanoni da ke cika titi ba sa burge ni sosai, amma ina tuna cewa bikin nan da wahala aka same shi. Sai a 1969 Kanada ta sassauta dokar da ke hukunta tarayyar namiji da namiji, kuma duk da haka ran 5 ga Fabrairu 1981 'yan sanda suka kai samame gidajen wanka huɗu da maza masu son maza ke taruwa a garin nan, suka kama mutum kusan 300. Washegari da dare dubban mutane suka fito titi. Auren jinsi ɗaya bai zama doka a faɗin ƙasar ba sai 2005. Wasu daga cikin dattawan da nake wanke tukwane da su suna cikin waɗanda suka fito a daren nan.

A cikin Yunin kuma ake taron tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, a filin shaƙatawa da ke jikin cibiyar The 519, inda aka zana sunayensu a kan ginshiƙai. Ana kunna kyandir, a karanta sunayen da aka ƙara a shekarar. Mai son aiki a wannan fanni ba zai rasa ba. Akwai ƙungiyar Black CAP, wadda tun 1989 take aiki da baƙaƙen fata kan rigakafi da kula da masu ɗauke da cutar. Akwai kuma masu tuƙa keke daga Toronto zuwa Montreal, tafiyar kusan kilomita 600, don tara kuɗi, kuma ba sai ka iya keke ba, suna buƙatar masu dafa abinci da masu ɗaukar kaya.

Yanzu ga maganar tsoro. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Mun fito daga inda dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya shiga ko ya tallafa wa ƙungiya irin waɗannan da nake ba ka labari, ban da hukuncin kotunan shari'a a jihohinmu na Arewa. Kuma Winnipeg cike take da 'yan Najeriya, hoto ɗaya ya isa gida kafin gari ya waye. Tsoronka yana kan hanya, kada ka bari wani ya raina shi. Amma yawancin aikin sa-kai a bayan fage yake. Tun ranar farko ka gaya musu ba ka son a ɗauke ka hoto, ba ka son sunanka ya fito ko'ina. Sun saba jin haka. Jerin gwano kuwa ba dole ba ne, ni ma na daɗe ina aiki kafin na taka titi.

A garinku akwai Rainbow Resource Centre, tsohuwar cibiya ce da asalinta ya kai farkon shekarun 1970. Ka duba shafinsu na intanet, ka cike takardar 'yan sa-kai. Yawanci akan kira mutum a yi masa bitar aiki, kuma idan da yara ko masu rauni zai yi hulɗa, akan nemi takardar shaida daga 'yan sanda, kada wannan ya tayar maka da hankali, kowa ake nema wa. Ka fara da awa biyu ko uku a mako. Idan ranar farko ƙafarka ta ƙi shiga, ka kira ni daga bakin ƙofa, ina kan layi har ka shiga.

Sannan ka nemi hutu tun yanzu don ƙarshen Yuni. Jirgi daga wajenku bai kai awa uku ba, kuma idan ka sayi tikiti da wuri zai yi sauƙi. Ɗakina ƙarami ne amma zai ɗauke mu. Na samo inda ake sayar da kuka da daddawa, tuwo na jiranka.

Idan kun yi waya da Hajiya ka ce ina gaishe ta da kyau. Ka rubuto mini da zarar ka cike takardar.

Naka har kullum,
Amininka