A koya wa ɗalibai ɗaura cip shi kaɗai a kan allon gwaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina neman fili a jaridarka domin in yi kira ga 'yan'uwana malaman lantarki na nan Damagaram.

Na lura ɗalibanmu sun saba da allon Arduino Uno, wani ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni domin ya sarrafa na'urori, har suna ɗauka shi ne ke yin aikin, alhali kuwa aikin duka na wani ɗan baƙin cip ne mai ƙafa 28 da ke zaune a kansa, wato ATmega328P. Shi ya sa duk wanda ya ƙera na'urar kunna famfon lambu sai ya bar allon gaba ɗaya a cikinta, gobe kuma a shiga cigiyar mai zuwa Kano ko Yamai domin a sayo wani.

Ɗaura cip ɗin shi kaɗai a kan allon gwaji mai ramuka bai wuce darasin yini guda ba. Ƙafa ta 7 da ta 20 su ke karɓar wutar bolt 5, ta 8 da ta 22 kuma su sauka layin ƙasa. Ana haɗa ƙafa ta 1 da wutar ta hanyar rezista (mai taƙaita gudun wuta) mai om 10,000, domin in an bar ƙafar ba a haɗa ta da komai ba, cip ɗin zai riƙa komawa farko ba dalili.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen kiristal, wato ɗan abin da ke ba cip bugun agogon da yake aiki da shi. Cip ɗin da aka ciro daga Uno an riga an saita shi ya jira bugun kiristal mai megahaz 16 a ƙafa ta 9 da ta 10, kowace ƙafa da kondansarta (ɗan abin da ke riƙe cajin wuta) mai fikofarad 22 zuwa layin ƙasa, kuma muddin babu wannan ba zai ko motsa ba. Ni kaina na taɓa jefar da guda biyu ina zaton sun ƙone, ashe lafiyarsu lau. Sabo dal daga kamfani kuwa da agogonsa na ciki yake tashi, a megahaz 1.

Sai batun wuta, tunda yawancinmu da batirin sola mai bolt 12 muke aiki. Wajibi ne a sa mai daidaita wuta da ake kira 7805 a tsakani ya sauko da ita zuwa 5, a kuma manna masa ƙarfen sanyaya, saboda zafin watan Afrilu a garin nan ba ya raga masa. Lokacin hunturu kuma a riƙa rufe allon, don ƙura na toshe ramukan har waya ta daina kamawa.

Ina roƙon makarantun sana'a da Jami'ar André Salifou su sa wannan darasi tun shekarar farko.

Naka,
Wani malamin lantarki,
Unguwar Birni, Damagaram.