Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sabon shugaban kamfanin da ke ba shagona intanet a Zariya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ban so ta kai ni ga yin wannan magana a bainar jama'a ba. Abin da ya tilasta mini shi ne amsar da wata ma'aikaciyarku ta ba ni ranar Talata, 22 ga Afrilu, da ƙarfe 11:40 na safe. Na karanta mata lambar rasiɗina, na tuna mata da biyan wata uku da kamfaninku ya yi alƙawarin mayar mini. Ta ce: "Malam, wancan alƙawarin tsohon shugabanci ne, mu yanzu sabon tsari muke bi." Na ce to kuɗin fa, tsohon shugaban ya tafi da su gidansa ne? Ta ce in ban gamsu ba, ai kamfanoni sun yi yawa a gari. Ta kashe wayar. A daidai lokacin bencina cike yake da ɗalibai masu jiran fitar da takardar shiga jarrabawar JAMB, har da wata uwa da ta taso daga Giwa da 'yarta tun sassafe, tana riƙe da kuɗin motar komawa a ƙulle a bakin mayafi. Haka na mayar wa kowa kuɗinsa, na nuna musu shagon maƙwabcina.

Ban ambaci sunan kamfanin ba, kun san kanku. Ƙaramin shagon kwamfuta nake da shi a Samaru, aikinmu rajistar ɗalibai, duba sakamakon WAEC da NECO, da biyan kuɗin makaranta. A watan Janairu manajanku na Zariya ya zo har shago ya ba ni shawarar in biya wata shida gaba ɗaya kafin farashi ya tashi. Na ciro N270,000 daga jarina na biya, N45,000 kowane wata. A tsakiyar Fabrairu intanet ya ɗauke. Daga nan sai ya leƙo da tsakar dare lokacin da shago ke rufe, gari na wayewa ya ɓace. Na yi ta kira, na yi ta aika saƙo, har aka rubuto mini cewa za a mayar da N135,000. Saƙon yana nan a wayata. Kafin kuɗin su fito aka ce an canza shugaba, ofishin Zariya kuma aka garƙame shi da kwaɗo. Injiniyan da ke hawa rufinmu yana daidaita eriya ko da rana ta take, mutumin kirki wallahi, na gamu da shi a kasuwar Sabon Gari ya ce an sallame su ba a biya su haƙƙinsu ba.

Ranka ya daɗe, kai ne na uku a kan wannan kujera cikin ƙasa da shekara biyu. Na farko ya ce zai ja wayar fayiba har ƙofar kowane shago. Na biyu ya ce kamfani zai karkata ga bankuna da manyan ma'aikatu. Kai kuma saƙon da aka turo mana da sunanka ya yi maganar "sabuwar alƙibla", babu kalma ɗaya a kan wanda ya riga ya biya. Kowa ya zo sai ya share allon na baya, amma asusun da muke zuba kuɗi bai taɓa canzawa ba. Ko gado ba a rabawa sai an fitar da bashin mamaci, balle kamfanin da ke raye yana karɓar kuɗi.

Na san halin da kuke ciki. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka kuma saki naira, komai na sana'arku ya yi tsada, ga masu aikin titi suna tsinka wayoyi. Da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a 14 ga Maris 2024, duk Afirka ta Yamma ta ji a jikinta, kuma ban ɗaga muku murya ba. Amma da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, cewa aka yi don aiki ya inganta. Ku kun ɗauki ƙarin, kun bar ingancin.

Ka dubi abin da ya sami Yahoo, babban kamfanin intanet na Amurka. A 2008 Microsoft ya taya shi dala biliyan 44.6 aka ƙi sallamawa. Daga 2007 zuwa 2012 kujerar shugabancin Yahoo ta bi ta hannun Jerry Yang, Carol Bartz, Scott Thompson da Marissa Mayer, ban da masu riƙon ƙwarya, kowa da inda ya nufa. A 2017 kamfanin sadarwa na Verizon ya saye babban kasuwancinsa a kan kusan dala biliyan 4.5. Wannan kamfani ne da duniya ta sani, ku kuwa 'yan kwastomomin da suka rage muku ne kuke kora ta waya, alhali Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, yana nan a Najeriya tun 2023.

Ina neman N135,000 ɗina cikin mako biyu, da takardar ban haƙuri a kan maganar da aka faɗa mini. Amma abin ya wuce ni kaɗai. Masu shaguna a Samaru da Kongo da na tattauna da su, duk a watan Janairu aka lallashe su suka biya na watanni, kuma duk bayan nan aka daina ɗaga wayarsu. Zargina shi ne kun riga kun yanke shawarar tattara kayanku daga garuruwan nan, kuka tura manajoji su kwashe kuɗin mutane tukuna. In ba haka ba ne, ka fito ka faɗa a rubuce: kuna nan a Zariya ko kun tafi, kuma wa zai biya ma'aikatan da kuka sallama?

Idan wa'adin ya cika shiru, zan kira NCC a lambar ƙorafi ta 622, in kuma kai takarda hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tare da rasiɗan duk wanda ya yarda ya sa hannu. Mun fara tattara su.

Wassalam,
Mai shagon kwamfuta, Samaru, Zariya